Mai Sunan Maigida

Faɗanmu na farko da jikana a kan suna ne. Ya dawo daga lakol, makarantar boko, bai ko ajiye jaka ba, ya ce, "Kaka, kowa a Sae Sabuwa yana kiran sunana, ke me ya kama miki harshe?"

Na ce, "Sunan mijina ubanka ya sa maka. Har aka kai mutumin nan kushewa bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Kai da majina ba ta bushe maka ba za ka ji?"

Ya yi fushi ya ƙi tuwo. Na cinye rabonsa.

Maigida nake ce masa, haka ya girma. Lakol bai karɓe shi ba, sai ya kama amalanken jaki, yana kai hatsi kasuwar Gidan Rumji. Ba ya dukan jaki, lallashi yake yi, shi ya sa kullum shi ne na ƙarshen isa. In ya dawo ya miƙo mini goro, in na kai hannu ya janye. "Faɗi sunan tukuna." In fizge abina.

Shekarar da 'yan bindiga suka kore shanun ƙauyenmu, ya sayar da jakin ya shiga soja. Uwarsa Salima ta yi ta kuka. Na ce mata ta bari, namiji ta haifa.

Aka kai shi wajen Difa. Da damina aka yi musu kwanton ɓauna. Abokinsa Bakari, wanda ya kawo mana kayansa, ya ce Maigida ya riga ya tsira, ya koma ɗauko wani da aka harba a ƙafa. Can aka rufe shi.

Matan unguwa suna cewa da na sani da na faɗa masa sunan. Ba su san kome ba. Ƙin faɗar nan, shi ke dawo da shi ɗakina kullum.

Ana jibi abin zai faru ya kira salular uwarsa, aka kara mini a kunne.

"Amarya, yau dai ki faɗa. Nan ba mai ji."

Na ce, "Maigida, ba a kiran sunan miji a waya. Ka zo gida ka roƙa a durƙushe, in duba."