Khali Bashir Bai Shiga Hadarin Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ina saka abaya zan tafi makaranta, wayar Ummi ta yi ƙara. Ban ji abin da aka faɗa mata ba. Na dai ga ta zame ta zauna a bakin ƙofar kicin, ludayi a hannunta.

Khali Bashir ya rasu. Ƙanin mahaifiyata, autan kakata Hauwa, wadda muke kira Sitti.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a nan. Ko a aji sai an kira sunana nake magana. Amma tun safe wani hoto yake yawo a guruf ɗin dangi, daga nan Makka har Kano, da wata magana a ƙarƙashinsa wadda ba gaskiya ba ce. Na ga abin da maganar ta yi wa kakata yau. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, kuma da Hausa, don shi kullum cewa yake in daina guduwa cikin Larabci idan magana ta yi nauyi.

Ga waɗanda ba su san shi sosai ba, Khali gyaran jiragen sama yake yi a Jidda. Amma abin da ya ba wa zuciyarsa shi ne tuƙa jirgi marar inji. Wani jirgin ne yake jan shi da igiya zuwa sama, ya sake shi. Daga nan sai shi da iska da Allah. Yana neman inda iska mai zafi take tashi, ya yi ta kewayawa a cikinta kamar shirwa, ta ɗaga shi, ya miƙe gaba, ya nemi wata.

Ya ce min a saman soronmu na Nakkasa ya fara koya, tun kafin a rushe unguwar. Yana yaro, a aike shi sayen burodi, sai a same shi a sama yana kallon tsuntsaye, burodin ya huce.

Akwai ranar da ya kai mu Arfa, ba lokacin aikin Hajji ba, filin fayau babu kowa. Guguwa ta taso can nesa tana murɗa ƙura. Sitti ta ce, "A'uzu billahi, ku shiga mota."

Shi kuwa ya ce, "Inna, ai wannan lif ne. Da ina da fukafukai da tuni na hau."

Ta ce, "Allah ya shirye ka, Bashir."

Hasumiya yake kirana, irin ta filin jirgi mai magana da matuƙa. Yakan ce ni kaɗai ce hasumiyar da ba ta magana a duk duniya. Lokacin da aka sa ni karatu a gaban 'yan makaranta da safe na kasa, na dawo gida ina kuka, bai yi min faɗa ba, bai kuma rarrashe ni ba. Washegari ya kira ya ce, "Hasumiya, karanta min yanayin yau. Da ƙarfi, ina cikin hayaniya."

Babu wata hayaniya. Daga baya na gane.

Haka na koyi karanta taswirar iska da gajimare. Haka kuma na zama mai ba wa Sitti labari duk lokacin da ya tafi gasa.

Sitti ba ta taɓa son wannan abu ba. Tsofaffin Nakkasa sun san dalili. Tun kafin a haife ni, ruwan sama ya gangaro daga duwatsu ya tafi da ɗanta na fari, yayan su Ummi, a kan hanyarsa ta dawowa gida. Har yau idan hadari ya haɗu a kan Makka, sai ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya ta ji inda yake.

Ganina na ƙarshe da shi, ranar da zai tafi wannan gasa ta Afirka ta Kudu ne. Ya zo ya tura Sitti a keken guragu ta yi ɗawafi, ni ina bin su da takalmansu a leda. Da muka fito harabar Harami ta riƙe masa hannun riga.

Ta ce, "Ba rantsuwa nake so ba. Alƙawari nake so. In ka ga hadari, ka sauka."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ko da kofin yana gabana?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ko da a hannunka yake."

Sai ya durƙusa daidai fuskarta ya ce, "Na yi alƙawari." Ya juyo ya kalle ni. "Hasumiya, ke ce shaida."

Gasar ta yi ta fama da yanayi. A irin wannan gasa, kowace safiya ana tara matuƙa a gaya musu yadda sama za ta kasance, a ba su hanyar da za su bi su dawo. Wanda ya fi sauri ya fi maki. Wanda bai iya dawowa ba, sai a lissafa masa iya nisan da ya kai, kuma makin ba ya da yawa. Idan sama ta ƙi, a soke ranar gaba ɗaya. An yi ta sokewa. Wata rana har sun jera jiragen, suna zaune a ciki cikin zafi, aka ce kowa ya fito.

Ya turo min saƙo ran nan ya ce, "Yau ma ruwa ne ya zo na ɗaya."

Amma duk ranar da aka tashi, yana yin ƙoƙari. Kafin ranar ƙarshe shi ne na biyu, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na farko ba ta da yawa. Bai taɓa kaiwa haka ba.

Jiya Asabar ce ranar ƙarshe, babu makaranta. Na zauna a ɗaki da wayata. Akwai shafin da yake nuna kowane jirgi a matsayin ɗan ɗigo a kan taswira, da tsayinsa a gefe. Na buɗe taswirar ruwan sama a kwamfutar yayana, na ajiye su kusa da juna.

Tun da safe an ce hadari zai iya tasowa da yamma. An rage musu hanya saboda haka.

Da farko komai lafiya. Ɗigonsa yana cikin na gaba. Bayan azahar sai na ga wani tabo a taswirar ruwa, daga yamma. Kore ne. Na je na sha ruwa na dawo, ya zama rawaya. Kafin in gama kallonsa tsakiyarsa ta yi ja, kuma yana matsowa daidai hanyar da za su bi su koma fili.

Sitti ta kira daga falo, "Ƙawata, ya sauka?"

Na ce, "Tukuna."

Na farko ya miƙe ya bi ta gefen hadarin. Wasu suka bi shi. Khali yana bayansu kaɗan. Na san abin da yake gani: idan ya bi su ya wuce, ko kofi ko na biyu. Ban san wace addu'a zan yi ba. Wallahi ina so ya ci. Ya yi shekaru yana jira.

Ɗigonsa ya yi ta tafiya har bakin jan nan.

Sai ya juya.

Ya yi gabas, ya ba hadarin baya. Can kuwa babu iskar da za ta ɗaga shi, inuwar gajimare ta kashe zafin ƙasa. Na ga tsayinsa yana raguwa. Ya kewaya, bai samu ba. Ya ƙara gaba, ya sake kewayawa. Yana ta raguwa.

Daga nan ɗigon ya tsaya cak.

"Ƙawata, ya sauka?"

Na ƙura wa ɗigon ido. Na san sauka a gona abu ne da suka saba, ya sha gaya min. Amma ɗigo ba ya gaya maka ko mutum lafiya yake. Na ji kiran la'asar daga masallacin unguwa, na kasa tashi.

Sai waya ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne, daga Khali.

Ga shi tsaye a gona, hularsa a karkace, iska tana kaɗa masa riga. Ya ce, "Hasumiya! Ba ki ce min komai ba, wace irin hasumiya ce ke?"

Na fashe da kuka. Ya ce, "La, la, khalas, ya isa haka. Dube ni, ko ƙwarzane babu. Mai gonar ma ga shi can yana zuwa da tarakta, ina jin shayi zai ba ni ko duka."

Na ce, "Khali, kofin fa?"

Ya juya wayar ya nuna min sama, baƙi ƙirin, walƙiya tana tsaga ta. Ya ce, "Ya tafi. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke ce shaida." Sannan ya ce kada in gaya wa Sitti a gona ya sauka, za ta ɗauka faɗuwa ya yi. In ce mata dai ya sauka lafiya, shi zai kira ta da kansa idan ya koma masauki.

Haka na gaya mata.

Abokansa biyu suka je da doguwar tirela, suka kwance fukafukan, suka loda jirgin kamar yadda ake yi. A hanyar komawa ruwan ya riske su. Motar ta zame ta kife. An kai su asibiti. Shi Allah ya karɓi ransa da asuba.

Wannan shi ne abin da ya faru.

Hoton da kuke turawa, shi ya ɗauka da hannunsa ya tura wa wani abokinsa. Kun ga jirgi a gona, fiffike ɗaya a ƙasa, baƙin hadari a baya, kuka ce ya kutsa hadari saboda kofi ya faɗo. Jirgin nan taya ɗaya yake tsayawa a kai. Duk inda ya tsaya, ko a filin jirgi ne, sai fiffike ɗaya ya kwanta. Ba karyewa ya yi ba.

Yau da hantsi falonmu ya cika da mata. Ana zagayawa da gahawa da dabino, babu mai sha. Wata maƙwabciyarmu, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Allah ya jiƙan Bashir. Namiji ne, an ce ko da ya ga hadarin bai ja da baya ba."

Carbin Sitti ya tsaya.

Ummi ta matso ta ce, "Inna, ki yafe masa. Ki ce kin yafe masa."

Sitti ta juya fuskarta bango. Aka sake roƙonta, manyan mata suka sa baki. Ba ta ce uffan ba. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a gidanmu. Kowa ya san nauyin mutum ya tafi uwarsa ba ta furta wannan kalma ba.

Ina bakin ƙofa da tiren kofuna. Na ji kamar Khali yana ce min, da ƙarfi, ina cikin hayaniya.

Na ajiye tiren na je na durƙusa a gabanta. Na fara magana, sai Larabci ya riƙa fitowa. Ba ta juyo ba ta ce, "Yi min da Hausa."

Na yi mata da Hausa. Na gaya mata jan tabon, da waɗanda suka wuce, da yadda ya juya. Na gaya mata gonar da mai tarakta, da abin da ya ce kada in faɗa. Falon ya yi tsit, muryata kaɗai nake ji.

Ta juyo a hankali. Ta ce, "Kin gani da idonki?"

Na ce, "Na gani, Sitti."

"Waɗanda suka wuce ɗin, sun isa?"

"Sun isa. Ɗaya daga cikinsu ne ya ci."

"Shi na nawa ya zo?"

An fitar da sakamako tun jiya da yamma. Na duba sau ɗaya ban sake ba. Na ce, "Ya sauko ƙasa sosai. Ko cikin goman farko babu shi."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga hannuwanta ta ce, "Alhamdu lillahi." Sai a lokacin hawayenta ya zubo. Ta ce, "Bashir, na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yafe maka kamar yadda ka ji maganata."

Don Allah, duk wanda ya tura hoton nan da waccan magana, ya goge. In ba zai goge ba, ya rubuta gaskiya a ƙasa: ya ga hadari, ya sauka.

Manya suna ta ƙoƙarin takardu don a dawo da shi a yi masa salla a Harami. Ba mu san yadda za ta kasance ba tukuna. Ku taya mu roƙon Allah ya sauƙaƙa. Abokansa biyu kuma suna kwance a asibiti, ku sa su a addu'a.

Ya Allah ka jiƙan Khali Bashir, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da yayansa a Aljanna Firdausi. Ka ɗaure zuciyar Sitti da ta Ummi.

Wanda ya karanta har nan, in ya yi sujada yau, ya ambaci sunansa. Bashir ɗan Hauwa.