Hadijatu Mai Lalle da Kwanon Inna Sharifa

In ka ga amarya a Kalgo lallenta ya kama raɗau, kada ma ka tambaya, hannun Hadijatu ne. Tun tana budurwa take sana'ar, har Jega da Birnin Kebbi ake ɗaukar ta biki. Amma ita ba da zane take taƙama ba, da amana take. Mace za ta cire ɗankwali a gabanta, ta naɗe zani zuwa gwiwa, ta saki jiki, don ta san abin da Hadijatu ta gani ya tsaya nan.

Kwatsam sai labari ya cika wayoyi, wai ana ɓoye kyamara a masauki, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero. Hankalin Hadijatu ya tashi. Ta sa aka sayo mata wata na'ura mai jar fitila. Ka kunna ka leƙa ta tagarta, in akwai idon kyamara sai ya yi ƙyalli.

Bikin farko da ta je da ita a Gwandu ne. Aka sauke ta a ɗakin Inna Sharifa, kakar amarya, ɗaki irin na da, jeren kwanoni da farantai tun daga ƙasa har rufi. Lalle ya kwaɓu, amarya da ƙawayenta sun zauna, Hadijatu ta ce a dakata tukuna. Ta kunna, ta leƙa.

Wayyo Allah! Jajayen idanu ko'ina, kowane kwano yana harararta. Wanne ne kyamara, wanne ne murfin tasa? Ta bi bango, ta bi bayan akwati. Rabin jikinta yana ƙarƙashin gado Inna ta ɗaga labule.

"Ɗiyata, mi kike biɗa?"

Baƙuwa tana binciken ɗakin mai gida! Kunya ta rufe Hadijatu, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta rarrafo, ta durƙusa, ta faɗi gaskiya. Ta tabbata yau sai an raka ta tasha.

Inna ta karɓi na'urar, ta leƙa, ta ga jerenta ya yi jawur, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kina biɗar ɓarawo ƙarƙashin gado, ga shi zaune bisa tabarma. Waiwaya ki gani."

Hadijatu ta waiwaya. Ƙawayen amarya kowacce waya a sama, tun ɗazu suke ɗaukar ta tana rarrafe, ita kuwa amarya ta ƙudundune cikin mayafi. Na'urar ba ta ce komai a kansu ba, don ba su ɓuya ba.

Inna ta sauko da babban kwano mai murfi. Ta sa aka goge abin da aka ɗauka, kowacce ta jefa wayarta ciki tana ƙunƙuni, aka rufe, Inna ta ɗora ƙafa a kai. Sai a lokacin amarya ta yi ajiyar zuciya, ta yaye mayafi, ta miƙo ƙafa.

Da Hadijatu za ta koma Kalgo, Inna ta ba ta kwanon kyauta. Na'urar na nan a jakarta har yau, tana gwada ta in an sauke ta a otal, inda babu jere. Amma duk ɗakin amaryar da ta shiga, kafin ta taɓa lalle, kwanon take fara ajiyewa tsakiyar tabarma, ta buɗe murfi.

"To 'yan mata, bisimilla."