Ranar da Olive ta ɓoye uwarta

Olive Kambai nas ce a wani gidan kula da tsofaffi a Beltsville. Duk wanda ya san ta a Lanham ya san ba ta zama, kuma ba a taɓa mata uwa. 'Yar Kagoro ce. Ta zo Amurka da jaka ɗaya, ta yi ta ɗaga tsofaffin mutane har bayanta ya soma ciwo, sannan ita da mijinta Katung suka ci bashin banki suka sayi gida mai ɗakin ƙasa, wato ɗaki a ƙarƙashin gidan. Don ɗakin nan suka saye shi. Cewa ta yi ba za ta riƙa goge bakin iyayen wasu ba, tata uwar tana tsufa a hannun maƙwabta.

Mama ta zo, ta mai da ɗakin ƙasa Kagoro: acca, daddawa, busasshen kifi, hotunan rayayyu da matattu a bango. Ana cikin haka Katung ya faɗi a wurin aiki, bai tashi ba. Biyan watan da mutum biyu ke nishi a kansa ya dawo wuyan mace ɗaya, ga bashin kai gawa gida. Banki kuwa ba ya zuwa gaisuwar mutuwa.

Sai ga Raymond, dillalin bashin gidaje ɗan cocinsu, mai bakin da ko dutse zai sayar maka. Ya ce ta sabunta bashin: wani banki ya biya tsohon, a haɗa da na gawar, biyan wata ya sauko. Bai ɓoye mata ɗacin ba. Kuɗin ruwa zai fi na da, kuma shekara talatin za ta fara daga farko, duk rabin da ta biya ya koma kamar ba a yi ba. Olive ta ce ta ji, in dai Mama ba za ta rasa ɗakinta ba.

"To Anti, saura abu ɗaya," in ji Raymond. "Banki zai turo mai yi wa gida kuɗi. Ki sauke hotunan nan, ki kori warin daddawa, kada ya rage wa gidan daraja. Ɗakin ƙasa kuma ba shi da izinin kwana daga hukuma. Kada ya ga alamar mutum a ciki."

Ko dole ne, ko Raymond ne kawai ke tsoro, oho. Olive dai tsoro ya kama ta, ta bi. Ta zuba kayan Mama a baƙaƙen ledojin shara, ta wanke ɗakin da bilic har idonta ya yi ja. Da safe ta kai tsohuwar wani shagon wanki, ta zaunar da ita a benci da ledojin a gefenta.

"Mama, ki ɗan jira ni."

Mama ta zauna cikin baƙi, ba Turanci, ba wanda za ta gaisar, har rana ta karkata.

Mutumin bankin ya zo, ya leƙa ƙasa, ya ce kai, wuri tsaf. Banki ya yarda. Gida ya tsira.

Amma Mama ba ta kwance ledojin ba. Ta tsaya a bakin matakala tana kallon fararen bango, ta ce a nemo mata tikitin jirgi. Olive ta durƙusa tana kuka, ta yi bayanin kuɗin ruwa, ta yi na izini, ta rantse don ita aka yi duk wannan.

"Na gane, 'yata, ba fushi nake ba," in ji Mama. "Mu ma mun ci bashi ni da babanki. Ran da mai shi zai zo, akuyarmu muka kai gidan maƙwabta. Kakarki kuwa tana zaune a tsakar gida, ita ta ba shi ruwa."

Ta tafi kafin sanyi ya shigo.

Biyan wata ya sauko, wannan kam Raymond bai yi ƙarya ba. Har ya ce wa Olive ta nemi izini ta sa ɗan haya a ƙasa, ta kashe wayar a kunnensa. Tana nan tana ɗaga tsofaffi a Beltsville, kuma ranar da za ta gama biyan gidan za ta fi shekarun Mama na yau. In ta taso aiki takan sauka ɗakin ta tsaya, ta ja numfashi ko za ta ji ɗan ƙamshin daddawa. Babu. Ita ta wanke shi da hannunta, kuma Olive ta iya wanki.