Ragowar Gas ɗin Asabe

Ranar wata Laraba ce, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya dawo daga Kaduna da tukunyar gas. Mota ta sauke shi a bakin titi, daga nan ya ƙaraso ƙauyenmu da ke gefen Tafoki a amalanken shanun Kawu Sule. Ina tsaye a ƙofar gida, goye da ƙanwata Asabe, muka hango shi zaune ya rungume wata doguwar tukunyar ƙarfe kamar mai riƙe da mara lafiya, yana yi wa Kawu faɗa duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Yaran unguwa na biye da su, masu cewa bom ne na tserewa suna dawowa. Da aka sauke ta, Iya Dije, tsohuwar da ke makwabtaka da mu, ta ƙwanƙwasa ta da sandarta, ta sunsuna bakinta, ta ce, "Audu, mi ke ciki?" Baba ya ce iska ce. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, kuma kafin la'asar babu gidan da bai ji cewa Malam Audu ya sayar da ragonsa ya sayo iska ba.

Baba ya yi shekaru yana gyaran injuna a wata masaƙa a Kaduna. Da aka rufe ta, ya tattaro mu muka dawo gida ya kama noman dawa da masara kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da sauran manoma shi ne ɗan injin walda da ya zo da shi, irin mai aiki da zaren waya da gas, da wani tsohon janareta mai tari kafin ya tashi. Walda ba sana'arsa ba ce, ko kwabo bai taɓa karɓa a kanta ba. So ne kawai, irin son da wasu maza ke yi wa dara ko kiwon tattabaru. Ya liƙa wa Inna murhu, ya yi wa masallaci mariƙin buta, ya yi mana wani doki na waya da ya fi kama da akuya. Inna takan ce da a ce ƙarfe na haihuwa, da Baba ya fi kowa 'ya'ya a garin. Amma gas ɗin da ya zo da shi ya daɗe da ƙarewa, ba a kuma samun irinsa a Faskari ko a Funtua a lokacin, saboda haka injin ya kwanta a lungun zaure an rufe shi da buhu, kaji na kwana a kansa.

Asabe ce ta sa aka yaye buhun. Shan inna ya kama ta tun tana rarrafe, ƙafafunta suka tsaya sirara, sauran jikin kuma ya ci gaba da girma, musamman bakin. Ban taɓa ganin yarinya mai baki irin nata ba. Ni ke goya ta zuwa makaranta kowace safiya, bayan na share tsakar gida na ɗebo ruwa, in ɗaure ta da zani da majanyi, jakunkunanmu a hannu. Tana baya tana ba ni umarni kamar mai jaki: ki yi sauri, ki kauce wa ƙaya, ga Hedimasta can da bulala. In muka makara ni ake duka, ita tana zaune a gindin mangwaro tana ƙirga mini da ƙarfi. In an fita tara, mu muna 'yar gala-gala, ita kuma tana cinye kowa a carafke, don wasan zaune ne, hannunta kuwa babu mai saurinsa. A aji ma haka take, har malamai kan ɗauko ta daga aji biyu su kawo ajinmu ta karanta abin da ya gagare mu, ni kuma in yi fushi in ƙi yi mata magana har gida. Ina son ta, kuma ina mita da nauyinta kullum, dukansu gaskiya ne.

A damina muka faɗi a mashigar rafi. Santsi ya kwashe ni, na kifa da ita, ta fasa leɓe, ni kuma bayana ya riƙe har na yi kwanaki ba na iya sunkuyawa in yi daka. Inna ta shafa mini man zafi, ta ce magana ta ƙare: in an dawo daga hutu ba sauran goyo, Asabe za ta zauna gida ta koyi saƙar hula, don ba za ta kashe ɗiya guda saboda guda ba. Ba mugunta ba ce, kowa ya san gaskiyarta. Asabe ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina magana, gidanmu ya yi tsit kamar an ɗauke rediyo. Ran nan Baba ya tsugunna gabanta ya ce, "Ɗiyata, makaranta kam za ki tahi, da hannunki za ki kai kanki."

Akwai masu walda a Faskari da ke ƙera keken guragu, amma da ƙarfe mai kauri suke yi. An aro wani aka ɗora Asabe, ta tura da duk ƙarfinta har jijiyar wuyanta ta fito, keken bai ko motsa ba. Baba ya ce sai an yi mata da siraran bututu marasa nauyi, ya bi kasuwanni ya tsinto gangar jikin tsofaffin kekuna da ƙafafun wani gadon ƙarfe. Matsalar ita ce waldar kasuwa huda irin wannan bututu take yi saboda zafinta. Injinsa ne kaɗai zai iya, injin kuwa sai da gas. Shi gas ɗin ba ya kama wuta, ba shi da wari, ba a ganinsa. Aikinsa kawai ya fito ta bakin tiyo ya lulluɓe ƙarfen da ya narke, don kada iskar gari ta taɓa shi kafin ya daskare. In ta taɓa shi, ɗinkin zai fito da ƙananan ramuka kamar cikin burodi, ka gan shi lafiya lau, ran da aka hau shi ya karye. Abin da ya ci ragon ke nan.

Baba ya tsayar da tukunyar a jikin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke tsakar gidanmu ya ɗaure ta da igiyar shanu, ya ce duk wanda ya taɓa kanta zai gamu da shi. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar tiyo, yana duban ko zai yi kumfa, don kada ko kaɗan ya zube a banza. A kanta akwai wani abu mai kama da agogo, allurarsa na nuna abin da ya rage. Sai aka tarar da wata matsalar: iskar ƙarshen damina da ke ratsowa ta kan dangar kara tana kwashe gas ɗin kafin ya yi aikinsa. Nan muka shigo. Ni da Inna muka riƙa ɗaga tabarmar kaba muna tsayawa ta inda iskar ke fitowa, fuskokinmu a juye don kada hasken ya ci mana ido. Ta ƙasa kuma, inda tabarma ba ta kaiwa, Asabe ce ke zama ta baza faifai biyu. "Ku tare mani iska," haka Baba kan ce kafin ya sauke gilashin waldarsa, wani lokaci ya ƙara da, "Ƙarhe in ya narke jariri ne, a ruhe shi." Har yau ina jin hucin gas ɗin, siririn sauti kafin tartsatsi, da ƙaurin tabarma in wuta ta ɗan lashe ta, da Asabe tana ce mini hannuna na rawa kamar na Iya Dije. Bakinta ya dawo.

Aikin ya ɗauki hutun nan kusan duka, don Baba sai ya dawo daga gona ya yi wanka sannan ya taɓa shi, fetur ɗin janareta ma ba kullum ake samu ba. Kowace rana allurar na sauka kaɗan, mu kuma muna ta leƙa ta, don babu rago na biyu. Ranar da aka koma makaranta aka fito da keke, fentinsa shuɗi bai gama bushewa ba. Aka ɗora Asabe, ta kama mariƙin ta juya, keken ya tafi sumul kamar dama jira yake. Ta wuce ƙofar Iya Dije tana kaɗa ƙararrawa, tsohuwar ta fito da ludayi a hannu ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na bi ta da gudu, bayana wayam, ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Ta riga ni isa, ta tsaya a bakin ƙofar makaranta tana ce mini na makara.

Allurar ba ta kai ƙasa ba, akwai ragowa. Baba ya murɗe kan tukunyar tam, ya shigar da ita zaure ya ɗaure. Ya bar wa keken wuraren ƙari a wajen kujera da matakin ƙafa, don in ta yi tsawo a yanke a ƙara bututu. Daga ranar babu wanda ya sake samun walda a gidanmu. Kawu Sule ya kawo garmarsa da ta tsage ana tsakiyar huɗa, Baba ya ba shi haƙuri ya tura shi Faskari, har suka yi kwanaki ba sa gaisawa sosai. Ko murhun Inna da ƙafarsa ta cire, da dutse aka tallafe shi. Amsarsa guda ce ga kowa: "Ragowar ta Asabe ce, girma za ta yi."

Ba ta yi ba. Bazarar da take aji huɗu sanƙarau ya shigo yankinmu. Da safe ta ce kanta na ciwo, da azahar wuyanta ya sandare, aka nemo mota zuwa asibiti a Funtua. Washegari da hantsi aka dawo da ita a naɗe. Abin da na kasa mantawa shi ne keken, yana nan a gindin bedi inda ta bar shi, jakarta rataye a jiki, da ragowar rake a kan kujera. Na yi kuka har muryata ta dushe. Baba bai yi a gabanmu ba. Bayan an share makoki ya ba da keken ga wani yaro a Ruwan Godiya, amma tukunyar ta zauna a zaure. Yakan goge ta da tsumma in ƙura ta hau, kuma in wani da bai sani ba ya zo neman walda, sai ya ce mashi, "Ragowar ta Asabe ce."

Shekaru suka wuce, na yi aure, na zama malamar firamare. Sai 'yan bindiga suka hana yankinmu sakat, noma ya gagara, mutane suka fara watsewa. Ranar da iyayena suka baro ƙauye zuwa Funtua, motar da aka samu ƙarama ce, aka bar rumbu da dawa a ciki, aka bar gadon Inna da turminta. Baba, da tsufansa, ya ce sai an sa tukunyar. Direba ya yi ta mita, ƙanena Sani ya ce a bar ta a ɗauki buhun hatsi, Inna ce ta ce a sa wa Baba abinsa. Haka ya shigo Funtua a bayan mota yana rungume da ita, kamar ranar da ya kawo ta.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Sani ya gado shi a son ƙarfe. Tela ne, amma ran Juma'a bayan masallaci yakan fito da ƙaramin injinsa ya yi ta liƙe-liƙe, gas kuwa yanzu waya kawai yake bugawa a aiko masa. Wata rana ina gidan ya ce bari ya gwada tukunyar Baba, ko da saura. Ya ɗaura agogon, ya murɗa kan a hankali, muka sa ido. Allurar ba ta motsa ba, ko huci babu. Sani ya ce ai dole, shekarun da yawa, ta zurare. Inna tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ba zurarewa ta yi ba. Ranar addu'ar ukun Asabe, da mutane suka watse, ya hito da ita gindin bedi ya buɗe. Ya zauna hannunshi bisa kanta har ta yi shiru. Na ce Malam, mi ya sa? Ya ce tata ce, ba ya so ta tahi ta bar ta."

Yanzu a makarantar da nake koyarwa akwai yara biyu masu keke, na kanti, masu kyau, an raba musu kyauta, babu wanda ya sayar da rago. Ina murna da haka. Ƙauyenmu kuwa an ce ciyawa ta cinye tsakar gidan, bedin ne kawai a tsaye. Tukunyar tana ɗakina a bayan ƙofa, ina goge ta in ƙura ta hau, kuma in 'ya'yana suka tambaye ni abin da ke ciki, nakan ce na Asabe ne. Wani lokaci in iska ta taso da yamma sai in ji hannuwana sun ɗaga da kansu suna neman tabarma, in juya ban ga mai riƙe faifai ba. Na yi shekaru ina mita da nauyinta, yau kuma rashin nauyin ne ya fi ƙarfin bayana.