Matar da Ta Bar wa Furannin Brehmer Wuri

Kowace safiya, tun kafin mai gidan burodi ya buɗe, Frau Waltraud Zielke takan jingine kekenta a gindin gininmu, ta ɗaga kai ta bi tagogi da kallo. Kafinta ce. Ƙarfinta duk ya ƙare ne tana yi wa kamfanin gidaje aiki a kan tagogin wannan unguwa tamu ta Berlin, waɗanda doka ta hana a sauya musu kama saboda gine-ginen sun shiga tarihi.

A makon jiya ta yi ritaya. A makon ne kuma kamfanin gidaje ya yi bikin kammala sanya sabon gilashi mai riƙe ɗumi. An ci kek, an sha kofi, an yabi wanda ya zana ginin, mutumin da ya daɗe a kabari. Ba wanda ya ambaci sunanta. Muka tafa kamar ba mu san kunya ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Tagoginmu ƙyaure biyu gare su, na waje da na ciki, kuma a tsakaninsu muke ajiye tukwanen fure su tsira daga hunturu. Da aka fara aikin, sai ga shi sabon gilashin kauri gare shi, tsarin kamfani kuwa zai cinye wannan tazarar. Herr Ottokar Brehmer, tsohon direban jirgin ƙasa, ya kulle ƙofarsa, domin furannin da marigayiya matarsa ta bari a nan suke. Kamfani ya ce kotu za ta fitar da shi daga gidan da ya tsufa a ciki. Mutum guda, da tukwanen ƙasa, shi aka ɗaura wa yaƙi!

Ina kan bene lokacin da ta ƙwanƙwasa masa.

"Herr Brehmer, buɗe, ba na cizo."

"Koma ki gaya wa iyayen gidanki sai dai su fitar da gawata!"

"Wa zai sauko da gawarka ta wannan matsattsen bene? Ni dai ka ba ni kofi, ƙafafuna sun daskare."

Ya buɗe yana gunaguni. Ta auna tukwanen kafin ta auna tagar. Daga nan ta rarake katakon ciki da hannu har gilashin ya zauna a cikinsa, tazarar ba ta ragu ba, fuskar ginin ba ta sauya ba. Aikin ya ja lokaci, manaja ya zo yana kumfar baki.

"Fure muke gyara wa gida ko mutane?"

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ka fitar da furen ka gani ko mutumin zai zauna."

Aka yi mata gargaɗi saboda jinkiri. Iyakar ladanta ke nan.

Ke ce, Waltraud, kika gane cewa ba don masu ɗaukar hoto aka gina gida ba. Ke ce mai toshe hanyar sanyi ba tare da kin toshe wa tsoho numfashi ba. Mun gode, ko da godiyar ta makara.

Ku masu tasowa a wannan sana'a, ku riƙa tambaya me ke zaune a taga kafin ku taɓa ta. Ku kuma masu jawabai, in kun gama, ku ɗaga kai ku dubi hawa na uku. Brehmer yana nan cikin ɗumi, furannin matarsa kuma sun fitar da ja.