Rijiyar Yaya Seidu Har Yau A Rufe Take

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Seidu, kuma rijiyarsa da ke bayan gidanmu a Salaga tana nan da katako a bakinta.

Tun zamanin Turawa aka rufe ta. Wata damina gudawa ta shiga unguwarmu, yara suka mutu a gidajen da ke ɗiban ruwa wurinmu. 'Yan duba-gari suka zo, suka ɗebi ruwan a kwalba, suka buga katako da ƙusa, suka tafi. Ba wanda ya ce ruwan ne ya kashe yaran, ba kuma wanda ya ce ba shi ba ne. Amma mata suka daina shigowa gidanmu.

Abu ɗaya Yaya ya nema: a faɗa masa abin da aka gani a kwalbar. Sai dai shi jikan fataken goro ne, a wurinsu ba a kai wa babba buƙata ranar da aka fara ganinsa. Zai je ofishin 'yan duba-gari da goro a ganye, ya gaida jami'i, ya tambayi iyali, ya dawo. Kafin ya ga lokacin magana ya yi, an ɗauke mutumin zuwa Yendi ko Bawku, sai ya sake faro gaisuwa da sabo. Nakan tsokane shi cewa goronsa ya fi shi yawon ƙasa. Ya yi dariya, ya ce ni yaro ne. A haka ajali ya same shi.

Yanzu mulki yana hannunmu, ni kuma na shiga ajin karatun manya, ina haɗa baƙaƙen boko a hankali. Bara na je ofishin, na yi tambayar kai tsaye. Akawun ya karɓe ni da mutunci. Ya ce takardar binciken ruwan tana nan, amma akwai sunayen marasa lafiya a ciki, doka ba ta yarda a nuna wa wani ba.

Ban ji haushinsa ba. Na san da Yaya yana raye zai ce wannan daidai ne, don mutum ne mai rufa wa jama'a asiri. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne yadda aka haɗa sunayen yaran da labarin ruwan aka rufe gaba ɗaya, alhali ana iya ɓoye ɗaya a nuna ɗaya.

Na ba Inna Ramatu labari, maƙwabciyarmu da ta binne 'ya'ya biyu a waccan daminar. Sai ta ce, "Idan don ni ake ɓoyewa, Issa, ni wa ya taɓa faɗa mini abin da ya ɗauke su?"

Yaya bai bar dukiya ba. Ya bar mini haƙurinsa, da tambayar da kunya ta hana shi yi. Ban san abin da takardar za ta ce ba, wataƙila ruwan namu ne. Ran kasuwa mai zuwa za mu koma ofis tare da Inna Ramatu. Ta ce ita za ta fara magana.