Kawu Isyaku da Gidansa Mai Taya Huɗu

Duk wanda ya taɓa zuwa wajen Kawu Isyaku a Cheetham Hill ya san dokar motar nan tasa: ba a shiga da takalmi, ba a shiga sai da sallama. Kai, ga shi tun a layin farko na yi kuskure. Da yana raye ya ji na ce mota, da ya ɗaga yatsa ya ce, "Aminu, da digirinka biyu ba ka san bambancin mota da gida ba?"

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Lokacin da na zo karatu Manchester ina zaune a Hulme, amma duk Asabar a gidansa nake cin tuwo. Shekarar da ya yi ritaya daga tuƙin bas, in ban manta ba ita ce shekarata ta biyu a nan, sai ya sayo wata tsohuwar farar mota irin wadda Turawa ke kira motorhome. Akwai gado a ciki, da murhun gas mai kai biyu, da 'yar firiji, da banɗakin da sai ka yanke shawarar inda za ka fuskanta tun kana waje, don in ka shiga babu juyawa. Ya shimfiɗa kafet, ya rataye buta, ya ce daga yau gida ne.

Ranar da bakanike ya zo duba ta ina wurin. Wani ƙaton Bature ne da takalman aiki kamar turmi. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, Kawu ya tare ƙofa yana nuna takalman. Mutumin ya ce dokar aikinsu ba ta yarda ya cire ba. Kawu ya shiga kicin ya ɗauko leda biyu, ya durƙusa da kansa ya ɗaure masa su a ƙafa. Sannan ya juyo gare ni.

"Sallamar fa?"

Na ce, "Kawu, ina jin ba Musulmi ba ne."

"To ya ƙwanƙwasa."

Ƙofar a buɗe take wangale, amma bawan Allahn nan ya ƙwanƙwasa. Kawu ya zagaya da sauri ta ƙofar direba, ya shige ciki, ya gyara hula, sannan ya ce masa ya shigo.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa dariyar wannan ba, wato matarsa, Hajiya Ladi. Ita abin ciwo yake mata, kuma ni dai ban ga laifinta ba. Ta ce, "Shekara nawa muka yi a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, muna roƙon Allah ya ba mu gida na bulo? Yanzu ya ba mu, sai ka koma kwana a mota kamar direban tirela? Mata suna tambayata a masallaci ko korarka na yi!" Ta ce ƙafarta ba za ta taka akwatin nan ba, kuma ko ba daɗe ko ba jima sai an sayar da shi. Shekara uku tana kan bakanta. Za ta dafa mana abincin tafiya, ta ɗaure tukunyar da tsohon ɗankwali, ta ajiye a ƙasa a bakin ƙofar, ta juya.

Saboda haka mu uku muke yawo: Kawu, da 'yarsu ta fari Rabi, da ni. Aikina shi ne damuwa. Kafin kowace tafiya nakan rubuta tsayin duk gadar da za mu bi ƙarƙashinta, in auna iskar taya sau biyu, in duba hasashen ruwan sama. Kawu ya karɓi takardar ya yaba, ya ninke ta, ya ɗora kofin shayi a kai.

Ga shi ba ya gudu. Mutumin da ya shekara kusan talatin yana tuƙa bas, amma a babbar hanya manyan motocin kaya ke wuce mu suna hon. In Rabi ta ce, "Baba, don Allah, har keke zai riga mu," sai ya ce, "Wa ya taɓa ganin gida yana gudu?" Wata rana da hantsi, muna hanyar Wales, ɗan sanda ya tsayar da mu. Ni har na fara haɗa takardu. Ɗan sandan ya tambaya cikin ladabi ko akwai matsala a injin.

Kawu ya ce, "Injin lafiya lau. Miya ce a baya."

Ɗan sandan ya leƙa ya ga tukunyar Hajiya, an ɗaura mata bel kamar fasinja. Ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya ba da shawarar a ɗan ƙara sauri. Kawu ya ce ya shigo ya sha shayi, ya kuma nuna masa inda ake ajiye takalma. Mutumin ya dubi igiyoyin takalmansa, ya ce ya gode, ya sha shayinsa a tsaye a waje. Da ya tafi Kawu ya ce, "Ka ga ɗan mutunci. Ya san ba a faɗa wa gidan mutane." Ya kuwa ƙara saurin. Ba zan rantse ba, amma ina ganin allurar ta ɗan motsa.

A sansanin masu yawon hutu da muka sauka, motocin Turawa duk sun jeru reras kamar an ja zare. Kawu ya shiga ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya a karkace. Dalilinsa, 'yar hanyar da ke tsakiyar gidan ce kaɗai ke ɗaukar sallaya, to sai a juya gidan gaba ɗaya ya kalli alƙibla. Na ce masa a hankali na karanta dokokin wurin, kuma da alama ba za su so haka ba. Ban rufe baki ba mai kula da wurin ta iso, ta ce ya gyara tsayuwa, ya karkace.

Kawu ya dubi layin motocin nan ya ce, "Ni daidai nake. Su ne duk suka karkace."

Rabi ta rufe fuska da mayafi. Matar ta nemi bayani, aka yi mata. Ta yi ɗan tunani, ta ce akwai wani fili can ƙarshe, ba kowa kusa, ya je ya karkace yadda yake so. Da muka je, ashe nan ne wurin da ya fi ko'ina kyau, ga teku shimfiɗe a gabanmu. Kawu ya juyo gare ni. Takardar dokokin kawai ya karɓa daga hannuna, ya ɗora kofi a kai.

Rabi ta yi aure ta koma Birmingham, sai Hajiya ta tsananta. Ta ce akwatin ya tare mata hasken falo, kuma 'yar rakiyar ma ta tafi, saura me? Ta ba shi wa'adi zuwa babbar salla. Abin mamaki, Kawu bai yi musu ba. Ya ce in rubuta tallar sayarwa. Ni kuma ba na iya ɓoye aibin kaya, sai na lissafa komai: tsatsar ƙasa, ƙofar firiji da ba ta kamawa, giyar baya mai gardama. Ya karanta ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka manta yoyon rufi, ƙara shi." Wata biyu ba wanda ya kira. Amma a ƙarshe wani ya zo ya gani, ya ce ya ji ya yarda, zai dawo ya ɗauka ranar Asabar ta sama. Ran nan Kawu ko tuwo bai ci ba.

Ranar Talata Rabi ta haihu. An shirya za ta taho Manchester kafin lokacin, don kun san haihuwar fari gida ake zuwa wanka, uwa ta kula da 'yarta kwana arba'in. Sai jaririyar ta riga kowa shiri, har sai da aka yi tiyata. Likita ya ce babu doguwar tafiya, kuma za a riƙa duba jaririyar a can. Ga flat ɗinsu ɗaki ɗaya ne tal, gado da kicin duk wuri guda. Ta yaya Hajiya za ta kwana ɗaki ɗaya da surukinta? Ko ruwa ba ta iya sha a gabansa.

Na tarar da ita a falo, ta baje kayan da ta daɗe tana tarawa: gero, citta, daddawa, yajin jego a kwalba. Ba ta kiran sunan Rabi, 'yar fari ce, sai dai ta ce, "Yarinyar nan ita kaɗai, ba mai dama mata ko kunu." Ni na duƙufa neman masauki kusa da su, amma duk inda na samu ko dai ba a girki, ko kuma ya yi nisa. Kawu ya tashi ya fita. Can sai muka ji ƙarar bokiti. Ya wanke gidansa ciki da waje, ya canja zanen gado, ya dawo ya tsaya a ƙofar falo hannun rigarsa a jiƙe.

"In yarinya ba za ta iya zuwa gida ba," in ji shi, "ai sai gida ya je wajenta."

Na ce, "Kawu, shawarar tana da kyau, sai dai ban tabbata hukuma za ta bari a ajiye gidan a titi kwana arba'in ba, kuma watakila..."

"Ɗauki kwalbar yajin nan."

Ranar da aka sallami Rabi daga asibiti muka loda kaya. Hajiya ta fito da jakarta, ta tsaya a bakin ƙofar nan da ta shekara uku tana ajiye tukunya a gabanta. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zame takalmanta, ta ce, "Salamu alaikum."

Jama'a, ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin na ran nan ba! Ya zagaya ta ƙofar direba har hularsa na faɗuwa, ya shige, ya amsa: "Wa alaikumus salam! Maraba da baƙi!"

"Baƙi a gidan wa? Kuma wa ya rataye buta a kan tukwane? Matsa min."

A hanya ta zauna gaba, ta dubi allurar gudu, ta ce, "Malam, taka mana!" Ya kuwa taka, har iyakar abin da doka ta yarda. Na ce, "Kawu, yau dai na ga gida yana gudu." Ya ce, "Rufe min baki, mai gidan ce ta ba da umarni."

Ni duk tsawon hanyar dokokin ajiye mota nake karantawa, kuma ban samo mafita ba. Muna isa Kawu ya sauka ya fara ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta. A ƙofa ta uku wata tsohuwa 'yar Jamaika ta buɗe, gidanta yana kallon na su Rabi, filin ajiye motarta babu komai tun rasuwar mijinta. Ya gaya mata abin da ke tafe da mu. Ta ce ita ma a ƙasar nan ta haifi ɗanta na fari, babu uwa kusa. Ta ce mu shigo da gidan Kawu cikin filin, har wayar lantarki ta miƙo mana ta taga. Kawu ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya a karkace. Ba ta tambaya ba.

Kwana arba'in cif suka yi. Kullum da safe Rabi ta tsallako titi a hankali da jaririyarta, ta yi sallama, ta shigo gidan ubanta. Na ɗan damu da batun ruwan zafi saboda ɗinkin, amma Hajiya da ungozomar asibiti suka daidaita a tsakaninsu ba tare da ni ba. Ungozomar ma da ta ga takalma jere a ƙofa, da kanta ta cire nata. Kunu da farfesu ba su yanke ba, layin duk ya ɗauki ƙamshin daddawa.

Shi kuwa Kawu, kora aka yi masa. Hajiya ta ce ɗakin mai jego ba wurin zaman maza ba ne, ya fita sai dare. Ya kafa kujerarsa a bakin ƙofa, da rigar sanyi da lema, yana karɓar 'yan barka. Ranar suna da yawanku kun zo daga Manchester, kun gan shi. Alhaji Baba, abokinsa mutumin Kumasi, wanda ya fi kowa yi masa dariya a masallaci, ya ce, "Isyaku, kai da abinka an bar ka a waje cikin yayyafi?"

Kawu ya washe baki ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an kori mutum daga motarsa? Sai dai daga gidansa. Yanzu ya tabbata!"

Mai saye kuwa, da ya kira ranar Asabar ɗin, ni na ɗauka, ina ta kame-kamen yadda zan ba shi haƙuri. Hajiya ta karɓe wayar ta ce masa da Turancinta ba na sayarwa ba ne, akwai mutane a ciki. Daga baya na rubuta masa doguwar takardar ban haƙuri, don dai raina ya kwanta.

Bayan nan sun yi shekara huɗu suna yawo tare, Hajiya a gaba, tukunya a baya da bel ɗinta, jikarsu Hanifa a kujerarta in an yi hutu. Kawu ya rasu a sanyin da ya wuce. Gidan yana nan a Cheetham Hill, a karkace, ya tare hasken falo, kuma kada wanda ya kuskura ya yi wa Hajiya maganar sayarwa. Makon jiya Hanifa ta zo. Ta cire 'yan takalmanta a bakin ƙofar, ta yi sallama da harshenta na 'yan Birmingham, ta tsaya tana jira. Muka dubi juna. Sai Hajiya ta tashi a hankali, ta zagaya ta ƙofar direba, ta shiga, ta amsa mata.

Allah ya jiƙan Kawu Isyaku, ya yalwata masa makwancinsa, ya haskaka shi. Yadda bai taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa a ƙofarsa ba, Allah ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama a ƙofar gidan da babu sauran tafiya bayansa. Amin.